Yadda Na Hutar da Baba

A gidanmu babu yabon da ya kai a ce abu yana tafiya daidai. Mahaifina mai gyaran agogo ne. Tun kafin a haife ni yake zaune a bayan wani ɗan teburi mai gilashi a bakin kasuwa, kuma da kalmar nan yake auna komai. In tuwo ya yi daɗi, ya yi daidai. In yaro ya natsu, ya dawo daidai. Idan aka kawo masa agogo ba ya fara buɗe shi. Sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma, sannan ya ce, "Wannan yana wasa." Agogon da ke wasa shi ne wanda bugunsa yake sauri yanzu, an jima ya ja ƙafa. A wurin Baba wannan ne babban aibin agogo, kuma mun taso muna jin haka safe da yamma.

Ni ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini, in kuma yana cikin raha ya ce "mutumin ofis". Ba ma doguwar hira. Akwai kunya tsakaninmu irin wadda kowane Bahaushe ya sani, shi ba ya yi mini musu a gaban mutane, ni ma ba na kallon tsakiyar idonsa. Ban san wannan kunyar za ta iya cutar da mutum ba sai daga baya.

Baba yana da wani baƙin keke da ya girme ni. A kansa yake fita daga Rafin Guza kullum zuwa kasuwa, ya dawo a kansa bayan la'asar, da jakar kayan aikinsa a ɗaure a baya. Da gemunsa ya yi fari aka gano yana da ciwon suga. Asibiti suka ba shi magani, suka hana shi shayin nan nasa mai kauri, suka ce ya riƙa motsa jiki. Inna ta yi dariya ta ce mutumin da ke tuƙa keke tun zamanin da ba a yi kwalta ba, wane motsa jiki ya rage masa. To ashe akwai.

Baba yana da wani aboki a Mando, tsohon sojan sama ne, Kirista daga kudancin jihar nan. Agogo ne ya haɗa su tun suna samari, ya kawo gyara, suka saba. Mu muna kiransa Baba Saja, shi kuma yana kiran mahaifina Mai-agogo. Lokacin da yake aiki an taɓa tura shi kwas Indiya, a can ya koyo yoga, wato miƙe-miƙen jiki da jan numfashi a hankali. Da ya ji labarin ciwon abokinsa sai ya ce su riƙa haɗuwa bayan asuba a filin wata makarantar firamare. Su zagaya filin da sauri har su yi gumi, sannan su zauna a tabarma su yi numfashi.

Ni ban sani ba, don a lokacin na yi aure na koma Unguwar Shanu. A majalisarmu na ji. Wani abokina mai bakin tsiya ya dube ni ya ce, "Ashe Baba ya shiga fim ɗin Indiya? Na gan shi jiya ya tanƙwashe ƙafa ya rufe ido, saura waƙa." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce.

Washegari na je na gani da idona. Na laɓe a bakin katangar makarantar kamar ɓarawo. Ga mahaifina, dattijon da ake ba sahun gaba a masallaci, sanye da wandon motsa jiki da ban san inda ya samo shi ba, yana tafiya da sauri yana kaɗa hannuwa. Da suka gama suka zauna. Baba Saja yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a ja numfashi, ɗaya zuwa biyar a sauke. Mata masu zuwa niƙa suna wucewa suna kallo. Yanzu in na tuna, fuskar Baba a sake take a ranar, irin sakewar da ban cika gani ba. Amma a lokacin ba fuskarsa nake kallo ba, matan nake kallo, ina tunanin abin da za su je su faɗa.

Zan faɗi gaskiya, don dalilin rubutun ke nan. Na gaya wa Inna cewa addini nake ji masa, wai ba mu san me ke cikin abin nan na Indiyawa ba. Ƙarya nake. Inna ma ta ce mini Baba ya riga ya tambayi liman, liman ya ce in dai numfashi ne da miƙa, ba a kiran sunan kowa, ba a rusuna wa komai, to babu laifi. Kunya nake ji kawai. Ina aiki a ofis, ina da 'yar mota, ubana kuma yana tuƙa keke yana tsalle-tsalle a filin yara. Ina jin kamar duk unguwa cewa ake yi ɗan fari ya kasa.

Ba a cewa uba ya daina abu. Amma akwai hanyar da al'ada ta bar wa ɗa a buɗe, kuma hanya ce mai lada, ita na bi. Na hutar da shi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, na tara ƙannena da maƙwabta biyu a zauren gidan. Na ce Baba ya yi mana wahala iya wahala, lokaci ya yi da zai zauna ya ci gajiyar 'ya'yansa. Na ce na yi magana da wani mai keke napep da zai riƙa kai shi kasuwa yana dawo da shi. Na sa aka shigo da wata kujera mai laushi, irin wadda ake kwantar da bayanta, aka ajiye masa a ƙofar ɗaki. Keken kuwa na ce zan kai a yi masa fenti. Na ɗaga shi na sa a but ɗin mota, kuma ban taɓa niyyar dawo da shi ba. Maƙwabta suka yi ta sa mini albarka, ɗaya har da ƙwalla. Baba ya dubi keken, ya dubi kujerar, ya ce, "Allah Ya yi albarka." 

Filin makarantar da ɗan nisa daga gida, da keke yake zuwa. Mai napep kuma ba ya fitowa sai hantsi. Na san haka sarai lokacin da nake shirya abin.

Don in rufe bakin asibiti, sai na saya masa agogon zamani, irin mai auna bugun zuciya yana aika wa waya. Kyautar agogo ga mai gyaran agogo sai da dabara. Ya juya shi, ya kara a kunne, ya ce, "Wannan ai kurma ne, ba ya magana." Amma ya ɗaura. Na haɗa shi da wayata, duk ranar da na zo gaishe su sai in duba. A cikin abubuwan da yake nunawa akwai wata lamba da aka yi wa bayani da Turanci, ma'anarta bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Ban karanta bayanin har ƙarshe ba. Me zan karanta? Ni ɗan mai agogo ne. Bambanci tsakanin bugu da bugu ai shi ne wasa, wasa kuwa aibi ne.

Wata ya bi wata, lambar tana sauka. Ni kuma ina murna. Sai in miƙa masa wayar in ce, "Baba, ka gani? Lokacin da kake wahalar nan zuciyarka wasa take yi. Yanzu da ka huta ta kusa dawowa daidai." Sai ya dubi wayar ta saman tabarau, ya ce, "To, madalla." Ya yi ƙiba kaɗan, na ce hutu ne ya karɓe shi. Ya fara gyangyaɗi a kujerar tun kafin magariba, na ce bashin barcin shekaru yake ramawa. Kowace alama ta zo sai in fassara ta yadda za ta yabe ni.

Baba Saja ya zo nemana a gidan Baba har sau biyu bai same ni ba. A na uku muka haɗu a ƙofar gida, yana jingine da tsohon babur ɗinsa. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ina keken Mai-agogo? Fentin bai bushe ba har yanzu?"

Na ce, "Baba Saja, mun hutar da shi. Shekarunsa sun wuce na wannan wahalar."

Ya ce, "Ni na girme shi da shekara biyu."

Sai na ciro waya, don ina ji da hujjata. Na nuna masa lambar, na yi masa bayani dalla-dalla kamar ina gaban 'yan aji. Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo, sai na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, "Wannan abin ba sauka ake so ya yi ba. Hawa ake so ya yi. Ɗana, zuciya ba agogo ba ne."

Ina jin kunyar rubuta abin da ya fara zuwa raina. Ba maganar na ji ba, Hausar na ji. Na ce a raina, mutumin da bai san zuciya "ce" ake cewa ba, ba "ne" ba, shi zai koya mini zuciyar ubana? Na karɓi wayata na ce, "Mun gode, Baba Saja. Amma wannan maganar ta cikin gida ce." Dattijon da ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da na fara shiga makaranta, shi na gaya wa haka. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya tayar da babur ɗinsa. Baba yana zaune a kujera daga ciki, labule kawai ke tsakaninmu, kuma na tabbata ya ji komai.

Damina biyu aka yi a haka. Sai Inna ta fara cewa in ya miƙe daga zaune jiri yana ɗibarsa, sai ya dafa bango. Na ce yunwa ce, a riƙa ba shi abin karyawa da wuri. Ran nan ina ofis aka kira ni, wai ya faɗi a masallaci a sallar azahar. Ya ɗago daga sujada zai miƙe, sai ya tafi luuu ya faɗa kan na kusa da shi. Kafin in iso ya farfaɗo, yana ta ba mutane haƙuri wai ya ɓata musu sahu.

A asibiti wata likita ce ta duba shi, mace mai magana a hankali. Ta auna jininsa yana kwance, ta sa ya miƙe ta sake aunawa. Daga nan aka manna masa wayoyi a ƙirji, ta ce ya ja numfashi mai zurfi tana ƙirgawa, ya sauke tana ƙirgawa. Ɗaya zuwa biyar, ɗaya zuwa biyar. Nan take na tuna inda na taɓa jin wannan ƙirgen. Baba kuwa ya yi shi tsaf ba tare da an maimaita masa ba, har ta ce, "Baba, ka taɓa yin wannan ne?" Ya ce, "Da can."

Na'urar ta fito da doguwar takarda mai zane-zane. Na leƙa. Tsinin bugun a jere suke, tazararsu ɗaya, kamar da rula aka auna. Bakina da ba ya jiran izini ya ce, "Alhamdu lillahi, ai daidai take tafiya."

Likitar ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Shi ne matsalar."

Ta ja kujera ta yi mana bayani. Ta ce akwai jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya ba tare da mutum ya ba su umarni ba, kashi biyu ne. Ɗaya yana ƙara mata sauri in an tashi ko an tsorata ko ana aiki, ɗaya yana sassauta ta in an natsu. Ta ce kamar feda da birki ne a keke. Mai lafiya in ya ja numfashi zuciyarsa takan ɗan ƙara sauri, in ya sauke ta ɗan lafa, don haka tazarar bugunta ba ta zama ɗaya. Wannan ɗan bambancin shi ke nuna jijiyoyin suna raye suna aiki. Ciwon suga in ya daɗe yakan cinye su a hankali, sai zuciya ta koma bugu ɗaya tal, ko an tashi ko an zauna. Shi ya sa in ya miƙe jini ba ya saurin kaiwa kansa. Sannan ta juya wurin Baba ta ce tafiya da sauri, da hawan keke, da irin numfashin nan, suna cikin abubuwan da ke taimaka wa jijiyoyin su ci gaba da aiki. Ta ce, "Kana motsa jiki kuwa, Baba?"

Ya gyara hularsa, ya yi murmushi irin na mai alfahari, ya ce, "A'a, 'yata. Yarana sun hutar da ni."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na bi likitar har baranda na tambaye ta ko da bai daina ba da hakan ba ta faru ba. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, suga yakan yi ɓarnarsa ko da ana ƙoƙari, wani ya jinkirta wani bai jinkirta ba. Ta faɗi haka ne da gaskiyarta, na sani. Amma ni ba "ba za ta iya rantsewa ba" nake nema ba, so nake ta ce babu ruwana, kuma ba ta ce ba.

A mota muna komawa, mun tsaya a cunkoson Kawo, na kasa haƙuri. Ban dube shi ba, gilashin gaba nake kallo. Na ce, "Baba, ni na karanta abin nan a juye. Ka yafe mini."

Motar gabanmu ta matsa. Sannan ya ce, "Ai na sani."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Tun makon farko a filin nan na kama hannuna na ji zuciyata tana wasa. In na ja ta yi sauri, in na sauke ta lafa. Na tsorata, na ce wa Saja agogona ya lalace. Ya yi ta dariya, ya ce haka ake so. Ban yarda ba sai da na kama nasa hannun, na kama na yaran maƙwabta, na ji duk haka suke. Na yaran ma ya fi wasa."

Na ce, "To me ya sa da nake nuna maka wayar ba ka ce komai ba?"

Ya ce, "Ka tara mutane ka yi mini kyauta. An sa maka albarka a gabana. In tashi in ce a dawo mini da kekena?" Ya ɗan gyara zama. "Kuma kana murna. Ban saba ganin kana murna da ni ba."

Na yi kuka a Kawo da rana tsaka, masu talla suna leƙo mu ta taga. Shi kuma ya juya kansa ɗaya gefen, don kada in ji kunya.

Washegari na je Mando. Na durƙusa a tsakar gidan Baba Saja, matarsa tana shanya tana kallona. Bai bar ni na gama ba, ya ce in tashi, gobe da asuba in kawo masa abokinsa. Na ciro keken daga bayan ɗakina inda ya yi shekara biyu a ƙarƙashin buhu. Kaca ta yi tsatsa, tayoyin sun tsage, fentin da na ce za a yi ko goga ba a kai masa ba. Na gyara shi tsaf na kai gida. Baba ya shafa sirdin, ya buga ƙararrawar sau ɗaya. Likita ta riga ta hana shi hawa saboda jirin, sai aka jingine shi a zaure.

Muka koma filin, ni nake kai shi a mota. Ba ya iya saurin da. Zagaye ɗaya muke yi, ina riƙe da gwiwar hannunsa, sannan mu zauna a tabarma mu uku, Baba Saja yana ƙirgawa. Na tanƙwashe ƙafa na rufe ido a gaban matan da ke zuwa niƙa, kuma babu wadda ta ko tsaya. Abokina mai bakin tsiya ya wuce mu ran nan a kan babur, ya ɗaga mana hannu kawai. Saboda tsoron idon waɗannan mutanen na karɓe wa ubana kekensa.

Lambar da ke wayata ba ta ƙara hawa ba. Na daina dubawa, shi ma ya cire agogon ya sa a aljihun teburinsa tare da waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba.

Wata safiya bayan mun gama numfashi, ina shirin naɗe tabarma, sai ya kama wuyan hannuna. Rabon da ya taɓa ni haka tun ina yaro. Ya ɗora yatsu biyu, ya lumshe ido yadda yake yi wa agogon mutane. Ya ce, "Ja." Na ja. Ya ce, "Sauke." Na sauke. Muka yi haka sau uku ko huɗu. Sai ya buɗe ido ya ce wa Baba Saja, ba ni ba, don har ranar bai iya yabona kai tsaye ba, "Ta mutumin ofis tana wasa sosai."

Baba Saja ya ce, "To a bar masa ita haka."

Baba ya ce, "A bar masa."

Ya rasu a daminar da ta biyo baya, da hantsi, Inna tana dama masa koko. A kan kujerar nan mai laushi ta same shi, bayanta a kwance yadda na nuna masa ana yi. Wajen zaman makoki mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannuna. Maƙwabcin nan da ya yi ƙwalla ranar kyautar ya ce wa jama'a su yi koyi da ni, wai ni ne ɗan da ya hutar da ubansa tun yana raye. Aka ce Allah Ya saka mini. Baba Saja yana zaune a gefen tabarma, hularsa a gwiwa, ya ji, bai ɗago ba. Ni kuma na ce amin, don babu wata amsar da ake bayarwa a wurin.